Yashin Gidan Likita

Sana'ata gyaran famfo ce. A Gusau na koye ta tun ina saurayi, bayan na baro gonar mahaifina a Furfuri, kuma yau da wuya ka nuna mini unguwar da ban tona ƙasarta na binne bututu ba. Duk abin da ya shafi ruwa, daga rijiyar burtsatse zuwa tankin sama zuwa banɗaki, ban cika tambayar kowa ba. Shi ya sa ranar da aka ce wani tsohon likita yana nemana, ruwa na tsiyaya a falonsa, na rataya jakar kayan aiki na hau babur ina ganin aikin minti goma ne.

Likitan ya haura saba'in a lokacin. Haifaffen Gusau ne, amma aikinsa duk a kudu ya yi shi, a wani gari na bakin teku, sai da ya yi ritaya ya dawo gida da matarsa, Hajiya. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, su biyu suka rage a gidan. Shi ya buɗe mini ƙofa da kansa, dogo, siriri, da farin tabarau, ya wuce gaba har falo.

Ina shiga na ja na tsaya. A jikin bango akwai akwatin gilashi, tsawonsa ya kai na gadon mutum ɗaya, cike da ruwa garau. Ni a kifi na san tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa. Waɗannan kuwa kamar an yi musu fenti: biyu ruwan lemo masu ratsin fari, huɗu ƙanana shuɗɗa, da wani faffaɗa ruwan ɗorawa mai tsinin baki, yana kewaya duwatsu a natse kamar shi ne mai gidan.

"Malam, ba can matsalar take ba," in ji Likita. "Ƙasa za ka duba."

Ya buɗe kabad ɗin katakon da gilashin ke zaune a kai. A ciki akwai wani tankin gilashi ƙarami. Ruwa na saukowa daga babban ta bututu ɗaya, ya ratsa ƙaramin a hankali, sannan inji ya tura shi sama ta wani bututun. Wannan ban buƙaci bayani ba, ina kallo na gane. Mahaɗar bututun da ke sauko da ruwa ce ta tsage. Na rufe ruwan, na yanke wurin, na sa sabuwar mahaɗa da gam, muka jira ya kama, na buɗe. Ko ɗigo.

Amma tun ina aikin idona na kan abin da ke cikin ƙaramin tankin. Yashi ne mai kauri, zurfinsa ya kai tsawon tafin hannu. Samansa ya yi ruwan ƙasa, tsakiya toka-toka, can ƙasa kuwa ta jikin gilashi ana ganin baƙi. A kansa ga wata ciyawa koriya a cure kamar zaren da ya harɗe, da 'yar fitila tana haska ta. A idona, ƙazanta ce kawai ta taru.

"Ranka ya daɗe, tunda na zo bari in kwashe maka wannan yashin in wanke. Ya yi datti da yawa."

Har na naɗe hannun riga. Ban ankara ba sai na ji ya riƙe mini wuyan hannu, riƙon da ban zaci tsoho na da ƙarfinsa ba.

"Kana zura hannu ka motsa shi, kafin azahar duk kifayen nan sun mutu," ya ce. "Zauna in gaya maka."

Na zauna a kan tayil, shi ya jawo kujera. Ya ce kifayen nan na teku ne, ruwansu na gishiri ne, da kansa yake haɗa shi da wani gishiri na musamman da ake aiko masa a buhu daga Legas. Ƙaramin tankin kuma mafaka yake kiransa, domin a nan ƙananan halittu ke ɓuya su hayayyafa inda kifi ba zai cinye su ba. Kashin kifi da ragowar abinci duk nan suke saukowa. 'Yan tsutsotsi da ƙwari da ke saman yashin su ci, abin da suka rage ya nutse ƙasa, inda iska ba ta kaiwa, wasu halittun da ido ba ya gani su ƙarasa shi. Abin da ya saura ciyawar ta sha.

"To baƙin nan na ƙasa fa?"

"Shi ne abin tsoron. Guba ce a kwance. In an bar ta, ba ta cutar da kowa, a hankali take fita. In aka buɗe ta gaba ɗaya, ta bi ruwa ta hau sama."

Ya miƙo mini gilashin ƙara girma, ya ce in matso in duba jikin tankin. Na duba. Sai ga 'yan hanyoyi siri-siri a cikin yashin kamar na gara, da wata jar tsutsa da ba ta kai kaurin zare ba tana jan jiki a ɗaya daga ciki. Ga wasu fararen ƙwari kamar ƙwayar gero suna tsalle a cikin ciyawa. Ga ƙananan kumfa a maƙale tsakanin yashi da gilashi. Na daɗe a durƙushe, har Hajiya ta leƙo ta ce, "Likita, ka samu wani ka kama ke nan? Ka bar bawan Allah ya tafi aikinsa."

Ban tafi ba sai bayan la'asar. Da zan fita ya ce durƙuso ya fara yi masa wuya, gwiwa ba ta yarda. Ko zan riƙa zuwa ranar Asabar in kama masa? Na ce zan zo.

Haka na shiga aikin da ban taɓa jin labarinsa ba. Kowace Asabar da hantsi ina gidan. Aikin yashin ba shi da yawa, natsuwa yake so. Akwai wani tiyo siriri da ake zuƙa da baki har ruwa ya taho, sannan a saki bakinsa cikin bokiti. Ɗaya bakin kuma a riƙa shawagi da shi a saman yashin, ba tare da an luma ba, ya tsotse dattin da ya kwanta kamar gari. In ya zama dole a taɓa yashin, to iyakar kaurin farce, kuma ba duka a rana ɗaya ba: a raba shi uku a ido, wannan Asabar gefen dama, mai zuwa tsakiya, ta gaba gefen hagu. Ranar farko da na zuƙi tiyon ban sake shi da wuri ba, na cika baki da ruwan. Na yi ta tari ina tofarwa, Likita na dariya har da cire tabarau.

"Ka ɗanɗana teku ba ka biya kuɗin mota ba," ya ce.

Na koyi sauran abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Ruwa na ƙafewa amma gishiri ba ya bin sa, saboda haka in ruwa ya ragu, tataccen ruwa marar gishiri ake ƙarawa. Ba a kuma kwarara shi kai tsaye. Ana riƙe ƙaramin faranti a saman ruwan a zuba a kansa, ya bazu a hankali. Ciyawa in ta cika a yage rabi a zubar, a juya sauran. Da bazara, lokacin da Gusau ke zama kamar tanda, mukan sa fanka ta riƙa busa saman ruwan, mu jefa gorunan ƙanƙara a rufe a gefen mafakar. Wuta kuwa Likita ya daɗe da cire rai da ita, sola ce ke riƙe da injinan. Ni na sake masa tsarin bututun duka a shekarar farko, na sa makunni a kowace hanya yadda za a iya rufe mafakar ita kaɗai ba tare da an tsayar da komai ba. Ya ce bai ga amfaninsa ba. Na ce ya bar mini wannan, fannina ne.

Wata damina na je Furfuri taya mahaifina noma. Muna hutawa a gindin marke nake ba shi labari. Baba ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kifin da ba a ci, mine na amfaninai?"

"Kallo, Baba."

Ya girgiza kai. Amma da na zo kan maganar yashin da baƙin da ke ƙasansa, sai na ga ya gyara zama.

"Wanga ai ba sabon abu ba na. Tashi mu tai."

Ya kai ni fadamar da ke bayan gonarmu, inda ruwa ke kwanciya. Ya luma sandarsa cikin laka har rabi, ya murɗa, ya zaro. Ƙarshen sandar baƙi ƙirin, kumfa na tasowa daga ramin, wani wari kamar na baragurbi ya bugi hancina.

"Ka ji? Tun muna yara munka san in shanu sunka dama tabki da rani, kifi na tasowa shi mutu. Likitanka gaskiya shi ka faɗi."

Na ji daɗin wannan har cikin raina. Da zan dawo, na tuna Likita ya ce yashinsa na raguwa kaɗan-kaɗan, yana narkewa, kuma samun irinsa sai an aika kudu. Sai na tsaya a bakin gulbi a Bunguɗu, na zaɓi yashi fari mai laushi, na tankaɗe, na wanke sau bakwai, na cika ƙaramin buhu na ɗaura a babur. Na kai masa ina ji da kaina.

Ya yi godiya sosai. Sannan ya ce Hajiya ta ba shi faranti biyu da lemon tsami. Ya zuba nawa a ɗaya, ya ɗebo busasshen nasa da ya rage a gwangwani ya zuba a ɗayan, ya matsa lemon a kan kowanne. Nasa ya hau kumfa yana 'yar ƙara. Nawa ya jiƙe kawai ya yi shiru.

"Naka garin dutse ne," ya ce. "Nawa garin murjani ne da ɓawon katantanwar teku. Narkewar da yake yi ita ke gyara ruwan. Naka ba zai narke ba, kuma ban san me gulbi ya kwaso ya zuba a cikinsa ba."

Hajiya ta ɗaga buhun ta leƙa. "In ba ku so ni ina so," ta ce. Da shi ta yi ta suyar gyaɗa har shekara ta zagayo, kuma duk Asabar sai ta ƙulla mini a leda.

A shekara ta uku ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Likita. Ya yi mako biyu a asibiti, aka dawo da shi a keken marasa lafiya. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana kuma ta yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci kalma ɗaya. Hankalinsa dai garau. Na koma zuwa sau biyu a mako, na nuna wa Hajiya yawan abincin da za ta riƙa ba kifayen. Ƙarin ruwa ban nuna mata ba, na ɗauka zuwan da nake yi ya isa. Wannan kuskurena ne, domin lokacin tsakiyar bazara ne, ruwa na ƙafewa fiye da yadda na saba gani.

Wata Talata da safe, ina kan wani aiki a Tudun Wada, waya ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Malam, ka zo yanzu. Na yi ɓarna."

Na bar bututu a buɗe na ce wa mai gidan ya yi haƙuri. Tun daga ƙofar falo warin ya tare ni, irin na fadamar Baba. Ruwan babban gilashin ya yi toka-toka, kifayen duk sun taso sama suna buɗe baki. Na buɗe kabad. A tsakiyar yashin ga rami har ana ganin gilashin ƙasa, baƙin ya tashi ya gauraye da komai.

Abin da ya faru, inji ne ya fara ƙara saboda ruwa ya yi ƙasa. Ta ji tsoron kada ya ƙone, ta ɗauko bokitin tataccen ruwa ta juye gaba ɗaya a cikin mafakar. Ƙarfin ruwan ya haƙa ramin. Da ta ga haka sai ta sa ludayi tana jawo yashin daga gefe don ta cike, abin ya ƙara damewa.

Ban tsaya magana ba. Na rufe makunnin mafakar, na raba ta da babban tanki. Na juya injin da ke cikin babban ya kalli sama yana fasa ruwan, na kunna na'urar hura iska, na ce Hajiya ta buɗe tagogi duka. Likita na da wata al'ada da na sha yi masa tsiya a kanta: kullum akwai duro cike da haɗaɗɗen ruwan gishiri a bayan ƙofa, ko ana buƙata ko ba a buƙata. Ranar na gode masa. Na zuƙe kusan rabin ruwan gilashin na zubar a tsakar gida, na mayar da sabo, bokiti bayan bokiti. Na ɗaure gawayin tace ruwa a tsumma na rataya inda ruwa ke gudu. Hajiya na miƙo mini bokiti, tana share hawaye da bakin mayafi.

Wajen azahar ruwan ya fara washewa. Masu ratsin fari suka koma gindin dutsensu. Shuɗɗan suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Mai ruwan ɗorawar ne ya kwanta a gefe, ya yi ta motsa baki, can ya daina. Shi ne wanda ya fi daɗewa a wurin Likita, tare suka taho daga kudu.

"Yaya zan gaya masa?" in ji Hajiya. "Mutum na kwance, abu ɗaya da ke sa shi farin ciki na kashe masa."

"Hajiya, ba ke kika kashe ba. Ni ne ban nuna miki ba. Kuma da kin bar injin ya ƙone, da duka za a rasa. Ni zan gaya masa."

Muka shiga ɗakin. Ashe duk yana ji, kuma warin ya riga mu isa. Ya kalle ni, ya yi ta ƙoƙari har ya fitar da kalma.

"Nawa?"

Na ɗaga yatsa ɗaya, na ce, "Mai ruwan ɗorawa. Sauran shida suna nan lafiya."

Ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe, ya miƙa hannun hagu ya kamo hannun Hajiya ya riƙe. Na fita na ba su wuri, na koma kan aikina.

Bayan wata guda babbar 'yarsu, wadda ke aure a Tsafe, ta zo da mijinta. Sun gyara wani sashe a gidansu, suna so iyayen su koma can inda za ta riƙa kula da mahaifinta. Kowa ya ga dacewar haka. Da aka zo kan kifayen, mijin ya ce, cikin ladabi, gara a nemi mai so a ba shi, wannan kaya ba zai ɗauku ba. Ina gefe ina goge gilashi. Na kalli Likita, na ga ya kawar da kai yana kallon bango.

"Alhaji, zai ɗauku," na ce. "Ku ba ni a-kori-kura ɗaya da kwana biyu."

"Ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba. Amma na san abin da ke kashe su, kuma na san yadda zan kauce masa."

Ya kalli matarsa, ta kalli mahaifinta. Likita ya ɗaga hannun hagu ya nuna ni, ya gyaɗa kai. Magana ta ƙare.

Na daɗe ina juya abin a raina kafin ranar. Gilashi da duwatsu da kifi duk ba su dame ni ba. Yashin ne. Ba za a ɗauki mafakar da yashi a ciki ba, nauyin zai fasa ta, kuma girgizar mota za ta dama shi. Na yanke shawara in raba shi biyu. Na je na faɗa wa Likita dalla-dalla, ina yi ina kallon fuskarsa. Da na gama ya ɗaga yatsu biyu ya haɗa su a kwance. Na gane: kada in wuce kaurin yatsu biyu.

Ranar farko na rufe mafakar, na kwashe ciyawar a bokiti da ruwanta. Na ɗauki faranti marar zurfi na riƙa yankar saman yashin a hankali, kaurin yatsu biyu, ina zubawa a baho mai ruwan gishiri, na sa masa iska. Nan rayuwar take. Sauran na kwashe shi na fitar tsakar gida, na zuba a manyan robobi na sake masa famfo. Warin har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko masai ce ta fashe. Na yi ta cuɗawa ina zubar da baƙin ruwa har hannuwana suka yi fari suka yamutse, har ruwan ya riƙa fita garau. Na ɗauraye shi da tataccen ruwa, na shanya a tabarma. Da ya bushe ya koma fari tas kamar garin shinkafa.

Washegari da sassafe na kama kifayen, kowane iri a bokitinsa mai murfi, da 'yar na'urar iska mai batir. Duwatsun na nannaɗe su da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan na cika jarkoki goma da shi, don kada su tarar da baƙon ruwa gaba ɗaya. Gilashin muka kwantar a kan katifa muka ɗaure. Muka tashi da hantsi, lokacin da hanya ta cika da motoci, domin saboda 'yan fashi hanyar Tsafe ba a yi mata sammako da yawa, ba a kuma yi mata yamma. Na zauna a baya tsakanin bokitai, na baza lema a kansu, na gaya wa direba in ya faɗa rami da gudu ni da shi ne.

Mun wuce dutsen Kwatarkwashi kaɗan aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'i ya zagayo ya ce me ke cikin bokitan. Na ce kifi. Ya ce in buɗe. Na ɗaga murfin masu ratsin fari. Ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira abokin aikinsa.

"Zo ka ga ikon Allah. Malam, na roba ne?"

"Masu rai ne. Amma rana na dukansu, ranka ya daɗe."

Ya mayar da murfin da kansa, ya ɗaga wa direba hannu.

A Tsafe na riga na je na zaɓi bangon da rana ba ta bugu, na ja wayar sola. Kafin la'asar gilashi ya zauna, bututu sun haɗu, ruwa na zagayawa. A mafakar na shimfiɗa wankakken yashin a ƙasa, na zuba ruwa a kan faranti har ya rufe shi, sannan na baza mai ran a sama, na ɗora ciyawa, na kunna fitila. Kifayen na bar su a bokiti ina ƙara musu ruwan tankin kofi-kofi, sai da suka saba na sake su. Shida na ɗauko, shida suka shiga.

Na gaya wa mutanen gidan cewa yashin yanzu kamar sabuwar gona yake, ba zai iya ɗaukar datti da yawa ba sai ya yi wata biyu ko uku. Abinci rabin na da, kuma kada a ƙara ko kifi ɗaya. Makonnin farko ina zuwa duk bayan kwana uku ina canja ruwa. A mako na uku wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashin da gilashin, 'yar Likita ta kira ni a tsorace. Na ce ta kwantar da hankali, Likita ya taɓa gaya mini sabon yashi na yin haka, zai wuce da kansa. Ya kuwa wuce.

Abin da ya fi ba ni wuya Hajiya ce. Tun ranar da abin ya faru ba ta ƙara matsawa kusa da kabad ɗin ba, ko abinci sai ta sa 'yarta. Ni kuma na san ba zan iya zuwa Tsafe kullum ba. Wata Asabar na ajiye tiyon na ce yau hannuna na ciwo.

"Malam, ka san hannuna ba shi da sa'a a wannan abin."

"Hajiya, hannun da ke tankaɗe gari ba ya zubarwa? Zo ki riƙe nan."

Ta zo tana ɗari-ɗari. Na nuna mata faranti, na nuna mata iyakar farce, na nuna mata makunnin da za ta rufe in wani abu ya faru. Hannunta ya fi nawa natsuwa, na kuma faɗa mata haka. Likita na kan kekensa a gefe yana kallonmu. Bayan mako huɗu ta daina jira na.

Yanzu sau biyu a wata nake zuwa. Likita na takawa da sanda daga ɗaki zuwa falo, maganarsa ta ɗan saki, ko da yake gajeru yake yi. Zuwana na baya-bayan nan na tarar ciyawar mafakar ta cika har ta toshe hasken fitila. Na yage rabi na zuba a roba zan kai bola, Hajiya ta ce in dakata. Ta ce ita fa zubar da koren abu haka yana yi mata ciwo, bari ta gwada wa kaji. Ta ɗauraye, ta yayyanka, ta watsa a tsakar gida. Kajin suka rugo. Zakaran ne ya fara kai baki, ya tsaya, ya karkata kai, ya yi ta goge baki a ƙasa, sannan ya juya ya tafi, matan suka bi shi.

Sai muka ji wani sauti daga bakin ƙofa. Likita ne tsaye da sandarsa yana dariya, kafaɗarsa na rawa, har 'yarsa ta fito da gudu daga kicin ta ga ko lafiya. Hajiya ta ce, "To ku yi ta yi, gobe awaki zan ba." Ta share ciyawar da kanta ta zuba mini abinci. Na ci, na yi azahar a masallacin unguwar, na nufi tasha tun rana na sama.